Tashar Nukiliya: A Yi Lissafin Haɗari a Fili Tun Kafin a Aza Tubali

A shekarar 2017 Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha don gina tashar lantarki ta nukiliya, kuma wuraren da aka ambata su ne Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Mu da janareta ke cinye mana riba kullum, wuta muke so. Amma muna da tambaya kan yadda za a auna haɗarin.

Mu dubi abin da ya faru a Fukushima ta ƙasar Japan ranar 11 ga Maris, 2011. An shirya tashar ne don igiyar ruwa mai tsayin ƙasa da mita 6, sai ga wadda ta kai kusan mita 14. Injinan sun kashe kansu kamar yadda aka tsara, amma makamashin nukiliya yana ci gaba da fitar da zafi bayan an kashe shi, dole a yi ta sanyaya shi da ruwa. Wutar waje ta yanke, ruwa ya shanye janaretocin ko-ta-kwana, injina uku suka narke. Sama da mutum 150,000 suka bar gidajensu.

Abin takaicin, tun 2008 binciken kamfanin kansa ya nuna igiya za ta iya wuce mita 15, aka jinkirta gyara. Tashar Onagawa kuwa, wadda ta fi kusa da tushen girgizar ƙasar, ta tsira domin an gina ta a kan tudu. Ashe lissafi ba ya kare kowa idan an boye shi a aljihun tebur.

To, mu dawo gida. Babban layin wutar ƙasarmu yana durƙushewa sau da yawa a shekara. Kogin Neja ya malale Lokoja a 2012 da 2022. Duk lissafin da bai sa waɗannan biyun a gaba ba, yaudara ne.

Don haka muna kira ga hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, da ta buga sakamakon bincikenta kowa ya gani, har da harsunan gida. Shirin kwashe jama'a kuma ya ƙidaya da mazauna zango, 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci, waɗanda galibi sunansu ba ya cikin kowace rajista. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.