Suna Linzami Ne: Da Wace Kalma Yaranmu Za Su Faɗi Abin da Ya Same Mu?

'Yan uwa malamai da iyaye, babu wanda ke buƙatar a tuna masa ranar 17 ga Yuni, 2021, ranar da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai da malamai. 'Yan mata 11 na ƙarshe ba su gama dawowa hannun iyayensu ba sai a 2023. Tun daga lokacin, maganar hari ta shigo azuzuwanmu ba tare da sallama ba, har cikin darasin Turanci. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wace irin kalma muke bari ta zauna a bakin yaro?

Turanci uku ne ke kaiwa kunnen yaranmu kan wannan lamari. Na farko shi ne na titi da wayar salula da finafinai, inda ake cewa “dem kpai am” ko “wasted” idan an kashe mutum. Irin wannan magana tana mayar da ran ɗan Adam abin raha. Yaron da ya saba da ita, wata rana zai ambaci mutuwar maƙwabcinsa kamar yana ba da labarin ƙwallo.

Na biyu shi ne Turancin sanarwar hukuma, mai riga da hula, wanda a wajensa kowace masifa “incident” ce, mamata da masu rauni duk “casualties” ne, maharan kuma “unknown gunmen”. Wannan bai yi ashar ba, amma yana lulluɓe gaskiya da mayafi mai kauri, har mai karatu ya kasa gane wa aka yi wa me. Don haka ba kowace kalma mai kwarjini ce ke da amana ba.

Na uku, wanda muke ganin shi ne haƙƙin ɗalibi a kanmu, shi ne daidaitaccen Turanci mai kiran abu da sunansa. “Ambush” kwanton ɓauna ne. “Raid” farmaki ne na ba-zata. “Abduction” ɗauke mutum ne da ƙarfi, “ransom” kuwa kuɗin fansa. “Murder” kisan kai ne da gangan, “massacre” kuma kisan jama'a masu yawa da ba su da kariya. Kowace da nauyinta, kamar yadda Bahaushe ba ya haɗa sata da fashi.

Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma mun ga haka da idonmu. Shekara da shekaru ana kiran waɗannan mahara “bandits”, kai ka ce ɓarayin shanu ne kawai. Sai a Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyinsu a matsayin na 'yan ta'adda, gwamnati ta wallafa hukuncin a Janairu 2022. Kalma ɗaya ta sauya, dokar da za a hukunta su da ita ta sauya.

Wani zai ce yaran firamare sun yi ƙanƙanta da irin waɗannan kalmomi. Damuwarsa abar dubawa ce, kuma ba mu ce a cika allo da labarin jini ba. Amma yaron Ngaski ko Shanga da ya taɓa kwana a daji saboda tsoro ya riga ya san abin. Sunansa kawai ya rasa. Idan mu ba mu ba shi cikin natsuwa ba, titi zai ba shi nasa. Gobe shi ne zai rubuta wa ƙauyensu takardar koke, ko ya ba da shaida a kotu, inda Turancin tasha ba ya cin kasuwa.

Shawararmu ga malaman aji biyar da shida ita ce mu fara da Hausa, yaro ya fahimci ma'ana, sannan mu kawo takwararta ta Turanci. Idan ya furta kalmar titi, kada mu kai masa bulala. Mu tambaye shi ko zai so a faɗi haka game da ɗan uwansa. Iyaye kuma su sa kunne ga abin da ke fitowa daga wayoyin gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya tsare makarantunmu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Yauri. Amin.