Ku Doki Jaki, Ku Ƙyale Taiki

Kwana biyu kun ji ni shiru. To yau wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, na ga in ban amayar da ita ba, ba zan sami sukuni ba. Na san wasu za su ji haushina, wasu ma su ce na koma lauyan 'yan fyaɗe. Mai karatu, kafin ka yanke mini hukunci, daure ka kai ƙarshe tukuna.

A nan unguwarmu, cikin Agege, muna da zauren WhatsApp na mazauna unguwa. Nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, nan ake faɗin kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifoma, nan ne kuma in rigima ta tashi ake cewa kada kowa ya bi ta hanya kaza yau. Mata su ma suna da nasu, inda suke adashi, suke tallar abin da suke sayarwa daga cikin gida. Watannin baya kotu ta ɗaure wani magidanci daga cikinmu bisa laifin lalata wata yarinya 'yar shekara 11, 'yar riƙo a gidansa. Ba zan kama sunansa ba, ba don darajarsa ba, sai don yarinyar. A ranar aka cire lambarsa daga zauren. Ban ce uffan ba, domin ya cancanci abin da ya fi haka. Amma washegari sai na ji an cire matarsa daga zauren mata, an kuma cire babban ɗansa, wani saurayi mai gyaran waya, daga namu.

Wannan mata fa ita ce ta lura yarinyar ba ta tafiya daidai. Ita ta kai ta asibiti, ita ta taka da ƙafarta zuwa wurin 'yan sanda, alhali dangin miji suna ta bugo mata waya daga gida wai ta rufa asiri. Ba ta rufa ba. Ladan da muka ba ta shi ne muka rufe mata ƙofa.

Na sami wanda ke kula da zauren bayan la'asar, na ce, "Alhaji, ita kuma baiwar Allahn nan me ta yi?" Sai ya ce, "Malam, ai ba mu muka fara ba. Ko a Amurka haka ake yi, mutum da mutanen gidansa duk waje ake yi da su." Ya ciro waya ya nuna mini wani bayani da ɗansa ya turo masa.

Alhaji bai yi ƙarya ba. Tunda kuwa da Amurka aka kafa mini hujja, bari mu leƙa can mu ga yadda abin ya samo asali.

A shekarar 1994, a jihar New Jersey, wani mutum ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 7 mai suna Megan Kanka fyaɗe ya kashe ta. Gidansa na kallon gidansu, kuma sau biyu kotu ta taɓa kama shi da laifin taɓa ƙananan yara, amma iyayenta suka ce ba wanda ya taɓa gaya musu. Hankalin jama'a ya tashi, har a 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da aka raɗa wa sunan yarinyar, wadda ta tilasta wa jihohi su riƙa bayyana wa jama'a bayanan masu irin wannan laifi. Daga nan rajistar ta hau intanet: suna, hoto, adireshi, kowa na iya dubawa.

Da dandalan sada zumunta suka bunƙasa, sai hukumomi suka matsa musu lamba. A watan Fabrairun 2009 MySpace ya sanar cewa ya kori mutum 90,000 da sunayensu ke cikin rajistar. Facebook shi ma a lokacin ya cire sama da 5,500, kuma ya rubuta a sharuɗɗansa cewa wanda kotu ta kama da laifin lalata ba shi da izinin buɗe shafi. Lura da kyau, mai laifin kaɗai Facebook ya ambata. Wanda ya ƙara gishiri shi ne Nextdoor, wani dandalin maƙwabta da aka ƙaddamar a Amurka a 2011, inda sai an tantance a wace unguwa kake kafin a bar ka ka shiga. Shi ne ya sa a yarjejeniyarsa cewa ba ya karɓar wanda ke cikin rajista, ba ya kuma karɓar duk wanda ke zaune gida ɗaya da shi. Wannan sharaɗi shi ne abin da Alhaji ya nuna mini a waya.

Matsayina a fili yake. Korar mai laifi daga inda yara da iyayensu ke taruwa, ban da ja a kai. Wanda ya keta haddin yarinya ya zubar da amanar da ake shiga zaure da ita, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma haɗawa da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwar uwarsa zalunci ne, ko a San Francisco aka yi shi ko a Agege. Kuma zalunci ne marar amfani, domin ba ya kare yaro ko ɗaya.

Na san hujjar masu goyon bayan abin, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa mutum zai iya ɗaukar wayar matarsa ya shiga da sunanta, ya ga gidan da ke da yara, ya ga wanda ya yi tafiya ya bar iyali. Haka ne, zai iya. To amma wanda ya ƙudurta ɓarna, wayar matarsa ce kaɗai hanyarsa? Layin waya nawa ne a kasuwa? Suna nawa mutum zai iya ƙirƙira? Maƙwabcinka da ke ganin 'ya'yanka kullum suna tafiya makaranta, zaure yake buƙata kafin ya san gidanka akwai yara? An toshe ƙaramar kafa da bai damu da ita ba, an kuma toshe wa marar laifi babbar ƙofar da rayuwarta ta dogara a kai.

Sannan ita kanta rajistar, wa ke cikinta? Wanda aka kama, aka gurfanar, aka tabbatar masa da laifi. Mu tuna da Cynthia Osokogu, ɗalibar nan da wasu samari da ta haɗu da su a Facebook suka yaudaro zuwa Legas a watan Yulin 2012, suka kashe ta a wani otal a Festac. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Wace rajista ce za ta tare su a ranar da suka aika mata saƙon farko? A lokacin ma Legas ba ta da rajista. Mafi yawan masu wannan ta'asa ba su taɓa shiga hannu ba, suna nan cikin zaurukanmu suna turo mana barka da Juma'a.

Ga kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wani rahoto da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a shekarar 2000 ya nuna cewa cikin yaran da aka kai ƙarar an yi lalata da su, kashi 93 cikin 100 sun san wanda ya yi musu. Kashi 34 ɗan'uwa ne na cikin dangi, baƙo kuwa kashi 7 kacal. Ma'ana, sau da yawa wanda aka zalunta yana cikin gidan nan da ake cewa a kore shi gaba ɗaya. Yarinyar da aka cuta, da uwar da ta kai ƙara, su ne "mutanen gidansa". Ka ga an sare su sau biyu ke nan: mai gida ya sara, unguwa ta ƙara.

Yanzu ka sa kanka a matsayin wata matar a layinmu, wadda ta fara zargin wani abu a ɗakinta. Ta ga abin da ya sami wadda ta yi magana: adashi ya watse, masu sayen awararta sun ɗauke ƙafa, ko rasuwa aka yi sai dai ta ji a bakin yara. Kana jin za ta buɗe baki? Wallahi shiru za ta yi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa a Najeriya yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, suna fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Babban abin da ke ciyar da wannan annoba shi ne "a rufa asiri". Duk dokar da za ta ƙara wa mai tona asiri tsada, aiki take yi wa mai laifi.

Kuma kada mu ɗauka duk abin da Amurka ta yi a wannan fage daidai ne, su ma kansu suna ta gardama a kai. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2007 da ya nuna cewa a wasu jihohi har wanda aka kama yana fitsari a bainar jama'a na iya faɗawa cikin rajistar, haka ma samari da 'yan mata masu ƙarancin shekaru da suka yi lalata a tsakaninsu. A 2006, a jihar Maine, wani matashi ya samo adireshin mutum biyu daga rajistar intanet ya bi su har gida ya harbe. A Miami, dokar hana su zama kusa da makarantu ta sa wasunsu suka tare a ƙarƙashin wata gada shekara da shekaru, har sai da aka tashe su a 2010. A 2017 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar North Carolina ta 2008 da ta haramta wa masu rajista shiga dandalan sada zumunta. Mutumin da ya kai ƙarar, abin da aka kama shi da shi shi ne ya rubuta godiya ga Allah a Facebook don kotu ta yafe masa tarar tuƙi. Gaskiya ne wannan hukunci gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai hana kamfani kafa sharaɗinsa ba. Amma kamfani sunansa yake karewa da aljihunsa. Ya fi masa sauƙi ya share gida guda da ya zauna tantance wane ne mai laifi, wane ne wanda aka cuta, tunda bai san su ba. Mu kuwa mun san su. Mun san wadda ta kai yarinyar asibiti. Wane uzuri gare mu?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce mu, Hausawan Kurmi, mu ne za mu rungumi wannan ɗabi'a. Wa ya kai mu sanin ɗacin a kama ka da laifin wani? A Shagamu, a watan Yulin 1999, zargin mace ɗaya aka yi da fitowa lokacin bikin Oro, aka wayi gari ana ƙona Sabo. Da gawarwaki suka isa Kano, namu su ma suka huce a kan Yarabawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A kasuwar Shasha ta Badun, a Fabrairun 2021, cacar baki ce tsakanin mutane ƙalilan, amma rumfuna da gidajen ɗimbin mutane suka tafi a wuta. Duk ranar da wani mai kama da mu ya yi laifi a garin nan, mai shayi da mai wankin takalmi da ɗan acaba sai sun kwana da ido ɗaya. Kullum kukanmu shi ne a kama mai laifi, a ƙyale sauran. To yau da wuƙa da nama suka zo hannunmu, a ɗan ƙaramin zauren waya, me muka yi? Abin da ake yi mana shi muka yi wa mace da ɗanta.

Ka ƙara da wannan: mene ne "gida" a wurinmu? Bature in ya ce gida, yana nufin miji da mata da 'ya'ya biyu. Mu kuwa gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa, ga ƙanen miji, ga almajiri, ga baƙon da ya sauka da motar shanu zai kwana uku. In aka ce a kori mutanen gida, a ina za a ja layi?

Maganar ba ta nesa ba ce. Jihar Legas ta buɗe rajistarta a 2014, hukumar NAPTIP kuma ta ƙaddamar da ta ƙasa baki ɗaya a watan Nuwamban 2019, bisa dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015. Abu ne mai kyau, kuma ina kira mu yi amfani da ita ta inda take da amfani. Kafin a ɗauki malamin Islamiyya, ko maigadi, ko direban da zai riƙa kai yara makaranta, a bincika. Wanda ya gama zaman kaso ya dawo, kada a sake ba shi amanar yaro, kada a bar shi ya keɓe da su, a kuma gaya wa iyaye gaskiya. Masu unguwanni da sarakunan Hausawa su daina sasanta fyaɗe a zaure da goro da 'yan kuɗi. Matar da ta kai ƙara kuwa a tsaya mata, a sayi kayanta, a biya wa yarinyar kuɗin makaranta, don ta gaba ta ga cewa mai faɗin gaskiya ba ya tozarta a cikinmu.

Na koma wurin Alhaji jiya na sake roƙonsa. Ya ce zai shawarci dattawa. Ina jira, kuma na san da yawa daga cikin dattawan nan suna karanta abin da nake rubutawa. Iyayena, ku mayar da baiwar Allahn nan cikin 'yan'uwanta mata, ku mayar da yaron nan. Jaki ya yi ɓarna, an doke shi, yana gidan yari. Taikin da ya ɗauko bai ci gonar kowa ba.

Wanda yake ganin na kauce, ƙofa a buɗe take, ya kawo tasa hujjar mu ji. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu zama lafiya a inda muke neman abinci. Sai mun sake haɗuwa.

Wassalam.