FILIN SANA'AR RANI: Zaɓen kwamin wankin zinariya

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Samari sun fara ɗaure kayan cin rani. Waɗansu za su birni. Waɗansu kuwa sun nufi wajen zinariya. Kafin su tashi, akwai mai saida tumaki biyu, akwai mai saida buhun wake, don shi sayi kayan aiki. Filin wannan wata na irin waɗannan mutane ne. Kuɗin da aka samu da gumin damana bai kamata shi bi ruwa ba.

Neman zinariya da hannu ya yi ƙarfi a Nijar tun farin shekarar 1984. A lokacin ne manoman da yunwa ta koro suka taru a Koma Bangu, cikin ƙasar Tera. A 2014 aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten, can arewa. A 2021 ta bayyana wajen Ɗan Isa, cikin jahar Maraɗi. Amma ba kowace ƙasa ke da ita ba. Tana zama inda tsohon dutse ya ke, kamar Liptako, da bakin gulbin Sirba, da duwatsun Abzin. Jigawar da ake noman hatsi ba mazauninta ba ce. Wanda ya tone gonarshi don jin labari, ya yi hasarar gona, bai samu zinariya ba.

MENE NE KWAMIN WANKI?

Kowane makiyayi ya san kwamin da ake ba dabbobi ruwa a bakin rijiya. Kwamin wankin zinariya ya yi kama da shi. Bambancinsu ɗaya ne: na wanki buɗe ya ke gaba da baya, kamar indararo. Ana jingina shi a gangare. Ana zuba ƙasa daga sama, ruwa shina bi ta ciki. A cikinshi ana shimfiɗa tapi ko bargo. Bisa shimfiɗar ana gicciya ƴan sanduna, kamar kunyoyin gona.

Kwami tsohon abu ne. Da shi aka yi aiki a Kalifoniya, cikin ƙasar Amurka, bayan an gano zinariya can a 1848. Har yanzu a Amurka da Ostareliya akwai masu zuwa bakin rafi da ɗan kwaminsu ranar hutu, don sha'awa kawai. Mafi yawansu ba su maida kuɗin kayansu. Su bai dame su ba, tun da wasa suka je. Manomi kuwa ba wasa ya je ba. Shi dole ne shi yi lissafi.

YAYA KWAMI KE KAMA ZINARIYA?

Asirin cikin nauyi ya ke. Litir ɗaya na ruwa kilo 1 ne. Dutsen da ya kai girman wannan litir bai cika kilo 3 ba. Zinariya mai wannan girma ta fi kilo 19. Ashe zinariya ta fi rairai nauyi wajen sau 7.

Mace mai sheƙa ta san wannan aiki. Iska na kwashe ƙaiƙayi, tsaba na faɗuwa cikin ƙwarya. Haka abin ya ke cikin kwami. Ruwa ne iska. Rairai ne ƙaiƙayi. Zinariya ce tsaba. Ruwa na tafiya da rairai, zinariya na nutsewa bayan kunyoyi, ta maƙale cikin gashin tapi.

In iska ta yi yawa, tsaba ma tafiya ta ke. In iska ta yi kaɗan, ƙaiƙayi ba shi fita. Duk wanda ya gane wannan ya gane kwami.

KAFIN A SAYI KOMI

Aikin farko na tasa ne. Mutum shi ɗebi ƙasa wuri goma dabam dabam, shi wanke kowace cikin tasa ko ƙwarya. A gulbi, zinariya ta fi taruwa cikin kwana, inda ruwa ke rage gudu. Tana taruwa bayan manyan duwatsu, da cikin tsagar dutsen da ke ƙarƙashin rairai. In tasa goma ba su nuna ko ƙyalli ɗaya ba, kwami ba za shi nuna ba. Kwami ba shi haifar zinariya. Abin da ke cikin ƙasa shi ke tarawa.

Kuma ba duk mai ƙyalli ne zinariya ba. Akwai wani dutse mai ruwan ɗorawa da ke ruɗin baƙi. A ɗora shi bisa ƙarfe a buga. In ya farfashe ya zama gari, dutse ne. In ya baje kamar darma, bai fashe ba, zinariya ce.

ABU BIYAR DA ZA A DUBA

1. Jikin kwami

Iri uku ne aka fi gani. Akwai na katako. Shi ne mai arha, kowane kafinta na iya haɗa shi, kuma in ya lalace ana gyara shi da ƙusa. Aibinshi nauyi, sa'an nan rana na tsaga shi. Zinariya ƙanƙanuwa ce, tana bin tsaga ta zube. Don haka a jiƙa shi kafin aiki, a toshe duk wata kafa.

Akwai na baƙin ƙarfe, wanda maƙeri ke yankowa daga gangar ƙarfe ko daga falle. Shina da ƙarfi, amma shina tsatsa, kuma ɗaukarshi sai amalanke.

Akwai na farin ƙarfe, irin na tukunyar sanholo, da na roba. Ba su da nauyi, mutum guda na saɓa su. Sun fi tsada. Na roba in ya daɗe cikin rana shina bushewa shi karye, kuma babu mai ɗinke shi a ƙauye.

Mai zama wuri guda duk rani, katako ya ishe shi. Mai yawo daga wuri zuwa wuri shi ne ke bukatar marar nauyi.

2. Faɗi da tsawo

Mutane da yawa na son babban kwami. Suna tsammani babba shi ne mai kamu. Ba haka ba ne. Ruwa ne ke faɗin girman kwami. In kwami ya yi faɗi, ruwa kuwa kaɗan ne, rairai sai shi kwanta, aiki shi tsaya.

Ga mutum biyu ko uku masu zuba ruwa da guga, faɗin santimetir 25 zuwa 30 ya isa. Wannan ya ɗara taƙi ɗaya kaɗan. Tsawo kuwa metir 1 da rabi zuwa metir 2. Kwami mai faɗin rabin metir sai da injin ban ruwa da tiyo. Inji kuma shina shan esansi kullum, ko an samu ko ba a samu ba. Wanda bai tabbata da wurinshi ba kada shi ci bashin inji.

3. Shimfiɗa

Shimfiɗa ita ce zuciyar kwami. Ita ke riƙe zinariya. An fi amfani da tapi mai gajeren gashi, da tapin roba mai gurbi gurbi, da tsohon bargo. Tapi mai dogon gashi na cika da laka nan da nan, kuma wankinta da wuya. Bargo na kama garin zinariya sosai, amma shina saurin cika.

A yanka shimfiɗa daidai da faɗin kwami, kada a bar kafa a gefe. In guntaye ne, na sama shi hau bakin na ƙasa, kamar jerin kwanon rufi. In an yi akasin haka, ruwa na shiga ƙarƙashi shi tafi da kamu. A tanadi shimfiɗa biyu: ana wanke ɗaya, ɗaya na aiki.

4. Kunyoyi

Nan ne ya kamata mutum shi tambayi kanshi: wace irin ƙasa za ni wankewa?

In rairai ne da tsakuwar gulbi, ana bukatar kunyoyi. Tsayinsu santimetir 1 zuwa 2. Tsakanin kunya da kunya kamar faɗin yatsa uku ko huɗu. Su zama masu cirewa, don a iya ɗauke tapi.

In dutse ne aka daka ko aka niƙa, kamar yadda ake yi a mafi yawan wuraren Nijar, zinariyar gari ce lis. Manyan kunyoyi na tada ruwa, su hana ta kwanciya. Irin wannan, shimfiɗa kaɗai ta fi, da ruwa siriri mai tafiya sumul. Wanda ya sayi kwamin tsakuwa ya kai shi wajen garin dutse, ya sayi takalmin da ba na ƙafarshi ba.

5. Rariya

Rariya arha gare ta, amma da yawa na mance ta. Ana ɗora ta a bakin kwami daga sama. Ita ke tare manyan duwatsu. Dutse babba in ya gangara, shina tono abin da ya riga ya kwanta. Ga tsakuwar gulbi, rariya mai ido kamar santimetir 1 ta yi. Ga garin dutse, sai mai ƙananan idanu.

KAFA KWAMI

Kwami mai kyau in an kafa shi karkace, banza ne. A fara da gangaren santimetir 8 ga kowane metir ɗaya, wato faɗin yatsa huɗu. Kwami mai metir 2, kanshi shi fi gindinshi tsayi da santimetir 16. Gefen dama da na hagu su daidaita. In ruwa ya koma gefe guda, a sa dutse a gyara.

Daga nan sai a zuba ƙasa kaɗan a duba. In rairai ya rufe kunyoyi har ba a ganinsu, gangare ya yi kaɗan ko ruwa ya kasa. In bayan kunyoyi ya zama fes, babu ko baƙin rairai, gudu ya yi yawa. Daidai shi ne a ga baƙin rairai na motsi bayan kowace kunya, fari kuwa na wucewa.

A zuba ƙasa sannu sannu, ba a juye bokiti gaba ɗaya ba. Ruwa kada shi yanke, kada shi zo da ƙarfi lokaci guda. Yumɓu ɓarawon zinariya ne: curinshi na manne ta shi fice da ita. A jiƙa shi cikin wani mazubi, a murje shi da hannu har shi narke. Mai da maiƙo kuma na sa garin zinariya shi taso bisa ruwa. Kada a wanke kwanon miya ko a zuba man inji kusa.

Inda ruwa na saye ne, a gina rami biyu a gindin kwami. Laka na kwanciya a na farko, ruwa na tsallakawa na biyu, a sake ɗiba.

GWAJI KAFIN BIYA

Mai saye shina da iko shi gwada. A yanka wayar jan ƙarfe guntu goma, kowane kamar ƙwayar hatsi. A cuɗa su cikin bokitin ƙasa, a wanke. In an tsinci tara ko goma cikin tapi, kwami na aiki. Jan ƙarfe bai kai rabin nauyin zinariya ba. Abin da ya riƙe shi za shi riƙe zinariya mai girmanshi. In mai saidawa ya ƙi gwaji, a bar mishi kayanshi.

Lokacin aiki ma, a riƙa ɗibar rairan da ya fita a gindi, a wanke cikin tasa. In an ga ƙyalli, dukiya ce ke gudu. A tsaya a gyara.

Abin da tapi ta kama ana wanke shi cikin babbar tasa. Mayen ƙarfe, a naɗe cikin leda, shina ɗauke yawancin baƙin rairai. Sauran aikin na tasa ne da haƙuri.

RAI YA FI ZINARIYA

Waɗansu na zuba zaiba don ta haɗa garin zinariya, sa'an nan su ƙona. Hayaƙin zaiba guba ne, ko da ido bai gan shi ba. Shina kama ƙwaƙwalwa, shina sa hannu makyarkyata, shina cutar da ɗan da ke cikin ciki. Kada a zuba zaiba cikin kwami. Ruwa na kai ta tabki, dabbobi su sha, kifi shi ɗauka. Kada a ƙona ta cikin ɗaki ko bisa murhun abinci.

Kada a kai dutse gida a daka cikin turmin hatsi. A 2010, a ƙasar Zamfara ta Najeriya, yara fiye da 400 suka mutu. Dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje shina ɗauke da darma, ƙurar ta shiga cikin yara. Wurin aiki dabam, wurin iyali dabam. Yaro kuwa wurinshi lakkwal ne.

Rami ma na cin rai. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, mutane da yawa suka rasu. Ramin da ba a tokare ba kabari ne, balle in ƙasa ta jiƙe.

A ƙarshe, dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnati ta ke. Mai son aiki shi nemi izini wajen ma'aikatan ma'adinai na jaharshi, shi gaida hakimin wurin, shi shirya da mai fili. Kayan wanda ba shi da takarda ana iya karɓe su.

Manomin kirki ba shi saida iri ko san noma don kwami. Shi fara da tasa. In tasa ta nuna, shi haɗa ƙaramin kwamin katako. In ƙaramin ya maida kuɗinshi, sa'an nan shi yi tunanin babba. Da hadari ya fara haɗuwa gabas kuwa, shi naɗe tapi shi koma gida. Gona ba ta jiran kowa.

A wata mai zuwa, filin za shi yi bayanin awon zinariya, da yadda mai saidawa za shi tsare kanshi daga ma'aunin zamba.