Makullin Talbijin: A Hannun Hukuma Ko A Hannun Iyaye?

Sanin kowa ne cewa yaro gwanin kwaikwayo ne, abin da idonsa ya gani shi hannunsa kan so aikatawa. Wannan ne ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a Amurka game da wanda ya wajaba ya kare yara daga finafinan harbe-harbe da zub da jini a talbijin.

A 1975 manyan tashoshin ƙasar sun keɓe sa'ar farko ta shirye-shiryen dare domin abin da iyali za su iya kallo tare. Ba a je ko'ina ba, a 1976 wata kotu ta rushe shirin, bisa hujjar cewa hukuma ce ta matsa musu lamba, alhali tsarin mulki ya hana ta taɓa 'yancin faɗin albarkacin baki. Daga nan sai majalisa ta sake dabara. Dokar sadarwa ta 1996 ta tilasta sanya wata 'yar na'ura, V-chip, cikin kowane sabon akwatin talbijin mai girman inci 13 zuwa sama, daga shekarar 2000. Uba zai saita ta, ita kuwa ta toshe duk shirin da ya fi ƙarfin shekarun ɗansa.

To, a nan gizo ke saƙa. Na'urar ba ta da ido, ba ta san jini ba, ba ta san bindiga ba. Alamar da aka liƙa wa shiri kaɗai take karantawa, masu liƙa alamar kuwa su ne masu shirin da tashoshin da ke cin riba da shi, watau an ba kura ajiyar nama ke nan. Ga shi kuma iyaye kaɗan ne suka kula da ita. Ita kanta hukumar sadarwa ta Amurka ta amsa a rahotonta na 2007 cewa amfanin na'urar taƙaitacce ne.

Masu cewa a bar wa iyaye komai suna da gaskiya a wuri guda: hukumar da aka ba almakashi domin yanke tashin hankali, gobe tana iya yanke sukar gwamnati da shi. Amma ƙayyade lokaci daban, hana magana daban. A Ingila ba a nuna shirin manya kafin ƙarfe 9 na dare, kuma wannan bai rufe bakin 'yan jarida ba.

Mai karatu ya dubi ƙasar Hausa, inda tauraron ɗan'adam ke kawo waɗannan finafinai. Yaro yakan yi kallonsa a gidan maƙwabta, ko gidan kallo, ko teburin mai shayi, ikon uba kuwa a zaurensa ya tsaya. Saboda haka ya kamata hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1992, ta tsananta a kan lokacin nuna irin waɗannan finafinai, ta kuma riƙa bin diddigin alamar shekarun da tashoshi ke liƙa musu.