Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Fashaga Zuwa Ga Majalisar Ƙoli Ta Sudan

Ranku ya daɗe, shugabanni.

Kowa yanzu zancensa Sudan ɗin da za a gina bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Daga nan Showak nake roƙonku, kafin a ɗora tubali ko ɗaya, a tono harsashin farko a ga inda ya tsage.

Da Isma'il al-Azhari ya ɗaga tuta a Khartum ranar 1 ga Janairu 1956, niyyar iyayen ƙasa kyakkyawa ce: majalisa zaɓaɓɓiya, alƙalai masu cin gashin kansu, ƙasar da ba ta ƙarƙashin Masar ko Ingila. Sai dai da tsarin mulki na wucin gadi aka fara, duk wata tambaya mai nauyi aka ce sai gobe. A Disamban 1955 aka yi wa 'yan Kudu alkawarin duba buƙatarsu ta tarayya, aka yi watsi da ita. Ba a cika shekara uku ba Janar Ibrahim Abbud ya karɓe mulki, ranar 17 ga Nuwamba 1958. Kudu kuwa ta tafi a 2011.

Tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce: wane ne ɗan ƙasa? Dokar jinsiyya ta 1957 ta ɗaura amsar a kan ranar 31 ga Disamba 1897. Alhali kakannin da yawa daga cikinmu Hausawa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka iso, wasu tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu alhazai ne da suka yo tafiyar ƙafa suka zauna. Su suka tsinci auduga a Jazira, su suka sare daji a bakin Atbara da Setit. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1956, amma halin da tsohuwar ta koya wa ma'aikata bai fita ba. Na ga dattijon da aka haifi ubansa a ƙasar nan yana tsaye a layin neman lambar ɗan ƙasa, takardunsa naɗe cikin leda, da zarar ya faɗi ƙabilarsa aka ce ya koma ya kawo shaidu. Jinin da ya zuba a jihar Nilu Shuɗi a 2022 daga wannan tushe ya fito. Ku rubuta ƙarara cikin tsarin mulki cewa sharaɗin jinsiyya ɗaya ne ga kowa, kuma jami'in da ya ƙara wa wani sharaɗi saboda ƙabila a hukunta shi.

Sai maganar ƙasa. Iyakar nan da Habasha tun yarjejeniyar Ingila da Sarki Menelik ta 1902 take, Manjo Gwynn ya kafa alamominta a 1903, aka sake tabbatar da ita a wasiƙun da ƙasashen biyu suka yi musaya a 1972. A takarda kenan. A zahiri shekaru aka yi manominmu na barin gonarsa don tsoron 'yan bindigar shifta, manoman Habasha na nome ta, har soja suka dawo da yawancin filayen a ƙarshen 2020. Mun gode, Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama. Amma soja ba ya zama har abada, mai gona ne ke zama. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, kuma mun san wa ke samun dubban faddan idan aka tashi rabo: mai tarakta da ke kwana a birnin Gadarif ko Khartum. Ku fara ba wa mutanen ƙauyukan bakin iyaka takardar gonakinsu, Bahaushe da kowane maƙwabcinsa, kafin a kira masu jari.

Da damina, idan koguna suka kawo ruwa, hanyoyi sukan zama laka har ƙauyuka su yanke daga asibiti da kasuwa, riɗi da dawar da ake shigar wa ƙasa kuɗi da su kuwa a nan ake noma su. Ku ware wani kaso sananne na harajin amfanin gonar Fashaga ya tsaya a Fashaga, a fara da hanyar da mota za ta iya bi a watan Agusta.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Showak