Hoton Tsuntsu Shaidar Ruwa Ne

'Yan'uwa mazauna Sabon Ibadan, da Agege, da Idi-Araba, ga wata magana da muke so ku riƙe kafin ku yi haramar zuwa gida ganin dangi da rani.

Mu nan Panda ta ƙasar Keffi ba mu da gandun tsuntsaye. Mai son ganinsu da yawa sai ya bi hanyar Lafiya zuwa Shendam ya isa tafkin Pandam a Jihar Filato (suna ne ya zo kusa, amma gari daban), ko kuwa ya nausa arewa har Dagona ta ƙasar Bade, cikin fadamar Haɗeja da Nguru. Can ne agwagin daji ke sauka daga Turai idan sanyi ya kore su, su tarar da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe, su yi ta kiwo tare har wajen watan Maris. Saboda su Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989.

To, abin da ke damunmu shi ne, yawancin hotunan tsuntsayen nan baƙi ne suka ɗauka, kuma da baƙin suna aka ajiye su. Alhali kuwa yau kusan kowannenku yana da kyamara a wayarsa.

Wani zai ce wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne. Lalle ba haka ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar kowace shekara ta ragu ƙwarai, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ɗinya ke iyo a cikinsa shi ne wanda masunci ke jefa koma, shi ne na mai shinkafa da mai shanu, daga cikinsa kuma bandar kifin da waɗansunku ke sayarwa a kasuwannin kudu take fitowa. Idan mutum ya tsaya wuri guda ya ɗauki hoto bana, ya koma baɗi ya sake, yana rubuta rana da sunan gari, ya sami shaidar da zai ajiye gaban hukuma. Gauraka da dattawa suka saba gani ya yi wuya yanzu, ga shi ba mu da hoton da za mu nuna wa yara.

Ku fita da asuba, ku ba rana baya, ku nemi iznin ma'aikatan gandun. Kada a jefi garke don ya tashi hoto ya yi kyau. Tsuntsun da ya ƙetare Hamada ƙarfinsa yake tattali. Sa'an nan ku tambayi masunta sunan kowanne, da Hausa da Badanci, ku rubuta a ƙarƙashin hoton.