Mu ke kawo nama da tumatir, wasu ke riƙe da kwangilar biki



Duk wanda ya halarci bukukuwa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 cikin 'yan shekarun nan ya ga sauyi da idonsa. A da, in za a yi walima, layi ake toshewa, a kafa rumfa, a jera kujerun roba, mata su ɗora tukwane tun asuba. Yanzu sai an kama zauren taro, an kira mai ado ya lulluɓe bango da labule da furannin roba, an ɗauko mai hoto, an buga katin shiga, har da ƙarti a bakin ƙofa suna tantance wanda aka gayyata. Mu a ƙungiyance ba mu ce wannan laifi ne ba, don zamani riga ne. Tambayarmu ita ce: kuɗin da ake zubawa a wannan harka, aljihun wa yake shiga?

Ku ɗauki babbar liyafa guda, ko ta ɗaurin aure a Ikeja ko ta kamfani a Victoria Island. Saniyar da aka yanka, daga Arewa ta zo, kuma da wuya a ce ba ta bi ta hannun mutanenmu na mayankar Oko-Oba ba. Tumatir da tattasai da albasar da aka yi dafa-duka da su, daga Mile 12 aka loda. Mai tsiren da ke can gefe cikin farar riga yana yanka wa manyan baƙi nama, ɗanmu ne. Sau da yawa mai gadin ƙofa ma namu ne, haka yaran da suka sauke kujeru daga mota. Amma wanda ya karɓi kwangilar gaba ɗaya, ya zauna da mai biki suka yi ciniki, ya cire ribarsa kafin ya sallami kowa, ba kasafai za ka tarar Bahaushe ba ne. Mu ne ke ɗaukar hayaƙi da nauyi, a biya mu ladan yini, shi kuma a san sunansa a kira shi gobe.

Kada wani ya ce ƙabilanci ne ya jawo haka. Maƙwabtanmu Yarbawa sun daɗe da mayar da biki sana'a, kuma sun iya. Kalmar anko ma da muke amfani da ita daga wajensu muka aro. Abin da ya raba mu da su takarda ce. Kamfani ba ya ba da aiki da baki. Yana son ya ga rajistar CAC, da asusun banki mai sunan kasuwanci, da lambar haraji, da takardar farashi a rubuce, da hotunan aikin da ka taɓa yi. Mai tsirenmu ya yi shekara ashirin yana gashi, ba wanda ya kai shi iyawa, amma ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Dole sai dai wani ya ɗauke shi a ƙarƙashinsa.

Dalilin da ya sa muka ga lokaci ya yi da za a yi wannan magana shi ne, harkar kanta tana juyawa, kuma inda ta dosa ya fi dacewa da mai hankali da lissafi fiye da mai tarin kayan ado.

Tun kullen korona da aka fara a Legas a ƙarshen watan Maris na 2020, mutane suka koyi cewa ana iya yin taro da mutum kaɗan a zaure, sauran su kalla ta waya. Cutar ta tafi, ɗabi'ar ta zauna. Kamfanoni na yin taronsu rabi a zaure rabi ta Zoom, har doka ta ba kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a damar yin babban taronsu ta intanet tun 2023. Mu kuwa wa ya fi mu buƙatar wannan? Kusan kowane aurenmu rabin dangi suna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ɗauko mota cike da 'yan biki daga gida zuwa nan ya zama abin da sai mai ƙarfi. Yaron da ya iya saita kyamara da sauti mai kyau, ya tabbatar kaka a ƙauye ta ga jikarta ta kuma ji addu'ar liman ba yankewa, ya yi wa iyali aikin da ya fi bangon furanni daraja.

Tsadar mai ta kuma sa kowa ya fara ƙirga kawuna. Zaure ana kama shi ne da awa, janareta na shan dizal ko ana rawa ko ana jiran amarya. Al'adarmu ta rubuta ƙarfe biyu a kati a fara ƙarfe biyar yanzu tana da farashi, kuma mai biki ne ke biya. Haka abinci: wanda bai san adadin baƙinsa ba, ko dai ya ji kunya ko ya zubar.

Sai batun liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wajen biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. An daɗe ana ganin dokar a takarda kawai, sai ga shi a watan Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya a nan Legas ta ɗaure wani sananne a kafafen sada zumunta wata shida a kan haka. Kuma hujjar, bidiyon biki ne. Yanzu masu tsara taro na ajiye akwati ko kwano, ko su sa lambar asusu a allo. Gwamnatin Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci ta soso tun watan Janairun 2024. Uwar biki da ke fama da baƙi ba za ta tsaya bin diddigin waɗannan ba. Aikin mai tsarawa ne ya sani.

Ga inda muke ganin ƙofarmu take a buɗe. Yawancin zaurukan da muke kamawa, da masu adon da muke kira, sun saba da bikin da ba irin namu ba. Za a kashe dukiya a kan kujerar ango da amarya, amma magariba ta yi a rasa inda za a yi alwala, dattawa na neman kwali su shimfiɗa a wajen ajiye motoci. Za a ɗora lasifika a kan teburin malamai. Za a haɗa maza da mata wuri guda a gidan da iyaye ba su so haka ba, sai rabin dangi su ƙi zuwa. Mai adon ba mugunta ya yi ba, bai sani ba ne, ba kuma wanda ya faɗa masa. Wanda ya tashi a cikinmu ya san a tsara shiri a tsakanin la'asar da magariba. Ya san kamu da sa lalle da wuni na mata ne, don haka mai hoto da masu raba abinci mata ya kamata a kai. Ya san wa ake fara gaisarwa in Sarkin Hausawa ya shigo, ya san waina da miyar taushe sai da zafi. Wannan sani kuɗi ne. Bankuna da kamfanonin sadarwa da na kayan abinci suna shirya buɗa-baki da azumi, suna taron dillalansu na kasuwanninmu, suna neman wanda zai tsara musu abin da ba zai zama abin dariya ba.

Mun san wasu daga cikin iyayenmu za su ce wannan duk ƙarfafa almubazzaranci ne, ga samari sun kasa aure saboda tsadar biki. Damuwarsu gaskiya ce, mu ma muna zaman sulhu a kan bashin da biki ya bari. Sai dai mu lura, barnar ta fi yawa inda babu mai riƙe da lissafi: kowace gwaggo ta ƙaro nata shagalin, a yi dina, a yi daren iyaye mata, a fitar da anko kala uku, ba wanda ya zauna ya tara jimla sai bayan an watse. Mai tsarawa na kirki shi ne wanda zai iya kallon uban amarya ya ce, Alhaji, kuɗin nan na mutum ɗari da hamsin ne, kada a buga kati ɗari huɗu. Wanda ba zai iya faɗin haka ba dillalin furanni ne kawai.

Don haka a zamanmu na gaba za mu gabatar da abu biyu. Na farko, a tattara sunayen 'ya'yan ƙungiya masu sana'ar da ta shafi taro, masu girki, masu tsire, masu lalle, masu hoto, masu sauti da masu hayar kujeru, a taimaka wa waɗanda suka shirya su yi rajistar sunan kasuwanci su buɗe asusu. Na biyu, taronmu na shekara mai zuwa a danƙa shi ga matasanmu, maza da mata, a ba su kasafi a rubuce da lokacin farawa da na tashi, su kuma kawo rasit na kowace naira. In sun yi da kyau, sun samu hotunan da za su nuna wa kamfani. Masu sha'awa su miƙa sunansu ga shugaban matasa ko shugabar mata ta unguwarsu kafin ranar zaman.

Sakataren ƙungiya